Igiya, sanda da inuwa: yadda za ka maimaita lissafin Girkawan da da hannunka

Yawancinmu a jikin allo muka fara haɗuwa da Fitagoras. Malami ya rubuta ƙa'ida, muka kwafa, muka haddace, muka juye ta a takardar jarrabawa, daga nan muka rabu. Abin yana damuna ƙwarai, domin mutanen da suka bar mana wannan ilimi zane suke yi a kan rairayi, suna awo da igiya da sanda, kuma duk wanda ya kawo magana sai an tambaye shi hujja. Masarawa da mutanen Babila sun riga Girkawa sanin dabarun awon gona da gini da ɗaruruwan shekaru. Abin da Girkawa suka ƙara shi ne naci: bai isa a ce dabara tana aiki ba, sai an nuna dalilin da ya sa ba za ta taɓa ƙin aiki ba. Wannan nacin ake so ka ɗanɗana, kuma ba a ɗanɗana shi da karatu kawai. Sai ka fita tsakar gida.

Ka tanadi igiya wadda ba ta ƙara tsawo idan an ja ta, mai ɗan fin mita 12. Sai tef na awo, turaku uku, sanda miƙaƙƙiya, zare da ɗan dutse, kwali da almakashi, da ma'aunin kusurwa irin wanda ke cikin akwatin lissafin 'yan makaranta. Aikin ƙarshe yana buƙatar aboki mai waya a wani gari mai nisa, don haka fara tunanin wanda za ka nema tun yanzu.

Da farko: auna abin da hannu bai kai ba

Talis mutumin Miletus ne, wani birni a gaɓar tekun ƙasar da ake kira Turkiyya a yau, kuma ya rayu wajen shekara 600 kafin Miladiyya. Marubutan da suka zo bayansa sun ruwaito cewa ya auna tsayin dalar Masar ta hanyar inuwarta. Ga yadda za ka yi da giginya, ko hasumiyar masallaci, ko turken wutar lantarki.

Kafa sandarka a fili mai baje. Don ka tabbata ta tsaya cak, ɗaura dutse a zare ka sake shi kusa da ita. Zaren ba ya karkata, sai ka daidaita sandar da shi. Auna tsayin sandar daga ƙasa, ka auna inuwarta, nan take kuma ka auna inuwar bishiyar daga tsakiyar gindinta. Kada ka bari minti biyar su wuce tsakanin awon biyu, inuwa tana tafiya. A ce sandar mita 1 ce, inuwarta santimita 80, inuwar giginyar kuma mita 12. Raba 12 da 0.8, ka sami mita 15.

Hujjar ita ce, sanda da inuwarta da hasken rana sun yi alwatika, bishiya da tata inuwar sun yi wata. Rana ɗaya ce ke haska su ta kusurwa ɗaya, saboda haka alwatikan biyu siffarsu ɗaya, girma ne kawai ya bambanta. Idan ba ka son rabawa, jira lokacin da inuwar sandar ta yi daidai da tsayinta. A wannan lokacin inuwar kowane abu tsayinsa ce. Wanda ya yi karatun fiƙihu ba zai ji wannan baƙo ba, don da irin wannan lura da inuwa ladanan da suke gane zawali da shigar la'asar kafin zuwan agogo.

Na biyu: fitar da kusurwar ɗaki, sannan ka gano dalili

Fitagoras ɗan tsibirin Samos ne, daga baya ya koma Kroton a kudancin Italiya ya tara almajirai. Ƙa'idar da ke ɗauke da sunansa tana cewa a alwatika mai kusurwar digiri 90, idan ka ninka kowane gajeren gefe da kansa ka tara su, za ka sami dogon gefen ninke da kansa. Ƙa'idar ta girme shi: akwai wani allon yumɓu na Babila, na wajen shekara 1800 kafin Miladiyya, mai ɗauke da jerin lambobin da ke bin ta. Hujjarta da ta iso mana a rubuce tana cikin littafin Yuklid, mas'ala ta 47 a juzu'i na farko.

Yi alama a jikin igiyarka a mita 3, sannan a mita 7, sannan a mita 12. Haɗa farkon igiyar da alamar 12 a jikin turke ɗaya. Mutum ɗaya ya riƙe alamar 3, wani ya riƙe alamar 7, su ja har igiyar ta ɗame ta ko'ina. Ka sami alwatika mai gefe 3 da 4 da 5, kuma kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 ita ce kusurwar ɗaki cikakkiya, digiri 90. Magina da yawa suna yin haka wajen fitar da fandisho ba tare da sun taɓa jin sunan Fitagoras ba. Idan ka fitar da kusurwoyi huɗu, auna daga kusurwa zuwa wadda ke kallonta ta gicciye, ka sake auna ɗaya gicciyen. In ba su zo daidai ba, ɗakin ya karkace, a gyara tun ba a ɗora bulo ba.

Yanzu sai aikin da ya fi muhimmanci. Zana murabba'i a takarda, kowane gefe santimita 7. Yanko alwatika huɗu daga kwali, kowanne da kusurwa mai digiri 90, gajerun gefensa santimita 3 da 4. Jera su a kusurwoyin murabba'in nan huɗu, kowanne gajeren gefensa na taɓa matsakaicin gefen na kusa da shi. Fili zai rage a tsakiya, murabba'i ne a karkace wanda gefensa shi ne dogon gefen alwatikan. Kwashe su. Haɗa su bibbiyu, dogon gefe da dogon gefe, su zama siffa mai tsawo 4 da faɗi 3, ka sa ɗaya a kusurwa, ɗayar a kusurwar da ke kallonta. Wannan karon filaye biyu ne suka rage, murabba'in 3 da murabba'in 4, wato 9 da 16. Takardar ba ta canja ba, kwalayen ba su canja ba, to dole filin da ya rage ya zama ɗaya: 25, murabba'in 5.

Sake yi da wasu tsawon, kamar 5 da 12 a cikin murabba'i mai gefe 17. Za ka lura cewa lambobin ba su ne suka riƙe maganar ba, jeren kwalayen ne. Duk alwatika mai kusurwar ɗaki haka zai yi. Ranar da na fara ganin yaro ya matsar da kwali na huɗu, ya tsaya shiru yana kallon filayen nan biyu, sannan ya ɗago ya ce "Malam, ai dole ma!", na san ya shiga inda hadda ba ta kai mutum.

Na uku: Yuklid da rariyar lambobi

Yuklid ya koyar a Iskandariya wajen shekara 300 kafin Miladiyya. Littafinsa, wanda Larabawa suka kira Usul, juzu'i 13 ne. Ya fara da ma'anar kalmomi da wasu tushe biyar da ya nemi a yarda masa da su, kamar cewa ana iya jan miƙaƙƙen layi tsakanin kowane ɗigo biyu. Daga nan kowace mas'ala a kan wadda ta gabace ta take zaune, kamar jeren tubali.

A Bagadaza, zamanin Haruna Rashid, Hajjaj bin Yusuf bin Matar ya mayar da shi Larabci. Ishaƙ bin Hunain ya sake fassara shi, Sabit bin Ƙurra ya tace fassarar. Larabawa suna kiran marubucin Uƙlidis, kuma daga Larabci aka fara mayar da littafin gaba ɗayansa zuwa Latin a ƙarni na 12. An buga shi da injin ɗab'i a Benis ta Italiya a 1482. Tushensa na biyar, mai magana kan layukan da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su haɗuwa, ya hana masana barci kusan shekara dubu biyu. Ibnul Haisam da Umar Hayyam da Nasiruddin Ɗusi duk sun yi ƙoƙarin fitar da shi daga sauran huɗun. Sai a 1829 da 1832 Lobacebski na Rasha da Bolyai na Hungari suka nuna cewa ana iya sauya shi a gina wani ilimin awo daban wanda bai tufka ya warware ba. Salon littafin ya tsallaka har wajen lissafi: Niyuton, masanin kimiyya na Ingila, ya bi tsarinsa a babban littafinsa na 1687, Ibrahim Linkon na Amurka kuma ya zauna ya karanci juzu'i shida na farko yana lauya, don ya san abin da ake nufi da tabbatar da magana.

Gwada dabara ɗaya daga juzu'i na bakwai. Kana da ɗakin ajiya mai tsawon santimita 360 da faɗin 252, kana son tayil murabba'i mafi girma da zai rufe shi ba tare da yanka ko ɗaya ba. Cire ƙarami daga babba: 360 ban da 252, saura 108. Yanzu cire 108 daga 252 iya yadda zai yiwu: sau biyu, saura 36. Cire 36 daga 108: sau uku, ba saura. Amsa 36 ce, tayil 10 a tsawo, 7 a faɗi. Malaman rabon gado suna bin irin wannan cire-ciren idan suna neman tawafuƙi tsakanin lambobi biyu, wato ko akwai lambar da ke raba su duka biyun ba saura, kuma dabarar tana cikin lissafin da ke tsare bayanan banki a intanet yau.

Sannan akwai lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, irin 2, 3, 5, 7, 11. Bari mu kira su gagara-rabo. Rubuta 2 zuwa 100. Kewaye 2, ka soke duk ninkinta. Kewaye 3, ka yi haka. Sai 5, sai 7, ka tsaya. Abin da bai faɗa ta rariyar ba lambobi 25 ne, dukkansu gagara-rabo. Ana danganta wannan tankaɗe ga Eratostinis, wanda za mu je gare shi.

Shin suna ƙarewa? Amsar Yuklid tana juzu'i na tara, mas'ala ta 20, kuma a wurina ba a yi hujja mai kyanta ba. Ɗauki duk jerin da ka ga dama, ka ninka su gaba ɗaya, ka ƙara 1. Misali 2×3×5×7 ya ba da 210, da ɗaya 211. Raba 211 da kowacce daga cikin huɗun, kullum saura 1. Ke nan ko dai sabuwar lambar ita kanta gagara-rabo ce, ko kuwa wata gagara-rabo da ba ta cikin jerinka ce ke raba ta. A nan mutane kan yi tuntuɓe, su ɗauka sabuwar lambar kullum gagara-rabo ce. Ƙara 11 da 13 a ninkin, ka ƙara ɗaya, za ka sami 30031, wadda take 59×509. Hujjar ba ta girgiza ba, don 59 da 509 ba sa cikin jerin farko. Kowane jeri aka kawo, akwai wadda aka bari a waje.

Na huɗu: kewayen faifai

Wannan gajere ne. Kewaya bakin faifai ko murfin tukunya da zare, ka auna zaren, ka raba da faɗin faifan ta tsakiya. Za ka sami uku da 'yan kai. Arkimidis na Sirakus a tsibirin Sisili, wanda sojan Rum ya kashe a shekara ta 212 kafin Miladiyya, bai gamsu da zare ba. Ya zana siffa mai gefe 6 a cikin da'ira da wata a wajenta, ya yi ta ninka gefen, 12, 24, 48, har 96, ya matse lambar tsakanin 3 da 10/71 da kuma 3 da 1/7. Wannan ta biyun ita ce 22/7 da aka ba mu a makaranta kamar ita ce ainihin lambar, alhali shi ya tabbatar da cewa ainihin ta gaza haka kaɗan. Zana da'ira, ka taka bakinta da buɗin kamfas ɗin da ka zana ta: sau shida cif zai zagayo. Buɗi biyu ne faɗin da'irar, shida kuwa faɗi uku ke nan, ka ga inda ukun ya fito. Hoton kan Arkimidis ne a jikin lambar yabo ta Fields, ɗaya daga cikin mafiya daraja ga masana lissafi a yau.

Na biyar: auna duniya

Eratostinis haifaffen Kirene ne, a Libiya ta yanzu, kuma ya shugabanci babban ɗakin karatu na Iskandariya a ƙarni na uku kafin Miladiyya. An san cewa a Siyene, Aswan ta yau a kudancin Masar, rana kan tsaya a tsakar ka ranar da yini ya fi tsawo a shekara, sanda ba ta yin inuwa. A wannan ranar kuwa sanda tana da inuwa a Iskandariya, kuma kusurwarta kashi ɗaya ce cikin 50 na da'ira, wato digiri 7.2. Tazarar garuruwan biyu an ƙiyasta ta stadiya 5,000, stadiya kuwa ma'aunin nisa ne na Girkawa. Ya ninka da 50, ya sami stadiya 250,000, kewayen duniya ke nan.

Kafin ka taɓa sanda, zana hujjar. Ja da'ira, ita ce duniya. Tsayar da sanduna biyu a bayanta, ka zarce da layin kowacce har cibiya. Rana tana da nisan da za a ɗauki haskenta a matsayin layuka masu tafiya kafaɗa da kafaɗa. Mas'ala ta 29 a juzu'in farko na Yuklid ta nuna cewa idan layi ya ratsa irin waɗannan layukan, kusurwoyin da ke musayar gefe daidai suke. Saboda haka bambancin kusurwar inuwa a garuruwan biyu shi ne kusurwar da ke tsakaninsu a can cibiyar ƙasa, inda ba wanda ya taɓa zuwa.

Ana buƙatar garuruwa biyu, ɗaya arewa da ɗaya kusan a miƙe, masu nisa sosai. Kano da Agadas sun dace: Kano tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Agadas wajen 17, kuma karkatar da ke tsakaninsu ta gabas da yamma kaɗan ce. Kano da Damagaram sun yi kusa da yawa, bambancinsu bai kai digiri 2 ba, ƙaramin kuskure zai cinye awon. Rana mafi sauƙi ita ce lokacin da dare da yini suke daidaita, wajen 20 ko 21 ga Maris, ko 22 ko 23 ga Satumba. In hazo ya rufe a Maris ko hadari a Satumba, kowace rana ma ta yi, muddin ku biyun kun auna a rana guda.

Ku shirya wuri tun da hantsi. Daɓen siminti ya fi, amma a zuba ɗan ruwa a gani ko yana gangara. Kowa ya tsayar da sanda mai tsayin mita 1 daga ƙasa, ya daidaita ta da zare da dutse. Kada ku dogara da ƙarfe 12 na agogo. A Kano zawali yana faɗowa tsakanin kusan 12:10 da 12:40 gwargwadon lokacin shekara. Fara sa ɗigo da alli a bakin inuwar tun 11:45, duk bayan minti biyar, har ƙarfe ɗaya. Inuwar za ta yi ta raguwa, ta tsaya, ta fara ƙaruwa. Mafi gajartar ita ake so. Auna ta har milimita, daga gefen sandar da inuwar ta fito, ka kuma rubuta ko arewa ta faɗi ko kudu.

A ranakun daidaito, mutumin Kano zai sami kusan santimita 21, na Agadas kusan 30 da rabi. Don mayar da su kusurwa, zana layi tsaye mai santimita 20 a takarda, daga gindinsa ka ja na kwance mai kashi ɗaya cikin biyar na inuwarka, wato 4.2 ga mutumin Kano. Haɗa ƙarshensu, ka auna kusurwar da ke sama. Za ta ba da wajen digiri 12, ta Agadas kuma wajen 17. Bambanci 5. Raba 360 da 5, ka sami 72. Nisan Kano da Agadas a miƙe, yadda tsuntsu ke tashi, kusan kilomita 550 ne. Kada ka yi amfani da nisan hanyar mota, tana da lauje. Ninka 550 da 72: kilomita 39,600. Awon zamani na kewayen duniya ta arewa da kudu kilomita 40,008 ne.

Akwai tarko guda da mazaunin Iskandariya bai san shi ba, mu kuwa muna cikinsa. Ƙasarmu tana yankin da rana ke wucewa ta tsakar ka sau biyu a shekara. A Kano hakan yana faruwa a goman ƙarshe na Afrilu da kuma goman ƙarshe na Agusta, tsakaninsu kuma inuwar zawali kudu take faɗuwa. Agadas ba ta samun nata sai a farkon Mayu da farkon Agusta. Idan kuka yi awo a ƙarshen Afrilu, inuwar Kano tana iya kallon kudu, ta Agadas tana kallon arewa. In haka ta faru, tara kusurwoyin za ku yi maimakon ɗebewa. Shi ya sa na ce a rubuta inda inuwar ta fuskanta.

Idan amsarku ta fito 35,000 ko 45,000, kada ku jefar da ita, ku bi sawun kuskuren. Santimita ɗaya a inuwar sanda mai mita 1 ya haura rabin digiri, rabin digiri a cikin 5 kuwa kashi ɗaya ne cikin goma, kusan kilomita 4,000 a amsar ƙarshe. Yawanci ko sandar ce ta karkata, ko daɓen yana da gangara, ko bakin inuwar ya yi dishi-dishi. Maganin na ƙarshe shi ne a manna ɗan kwali mai ƙaramin huji a kan sandar, a riƙa bin ɗigon hasken da ya ratso maimakon bakin inuwa, a kuma auna tsayin daga ƙasa zuwa hujin. Halifa Ma'amun ma, da ya sa aka sake wannan awon a filin Sinjar wajen shekarar 830, ƙungiya biyu aka tura, ɗaya arewa ɗaya kudu, aka gwada sakamakonsu da juna. Ku maimaita naku kwana uku a jere, ku fitar da bambancin kusurwa na kowace rana, ku tara ukun ku raba da uku, sannan ku yi ninkin.